Injin Ruwa Marar Ƙara

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo jiya da mijinta. Ban san za su zagaya bayan gida ba, da na kwashe ganyen da ke kan ruwan. Ta tsaya a bakin kwamin ninkaya ta riƙe ƙugu, tsayuwar uwarta sak. Ta dubi kusurwar da ta fara yin kore, ta girgiza tsanin ƙarfen da nake shiga da fita da shi, tsatsa ta zubo mata a hannu. Sannan ta buɗe ɗakin inji ta tarar da ruwa kwance a ƙasa, ga wayar wuta kusa da shi.

Ta ce, "Baba, ɗayan biyu. Ko a sauya kayan kwamin nan kaf kafin wata ya ƙare, in gani da idona hankalina ya kwanta, ko in turo motar yashi a cike shi, ka dawo wurinmu." Mijin yana ta kallon takalminsa.

Wurinsu can saman bene ne, ɗaki mai taga ɗaya tana kallon bangon wasu. Na zauna a can lokacin da aka yi mini aikin ido. Na san tsawon yini a ɗakin nan.

Ta ce ni zan zaɓi kayan tunda ni injiniya ne. Ni ba injiniya ba ne, safiyo ne, awon ƙasa na yi har na ajiye aiki. Ban gyara mata ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ba za ta gane ba, kuma ban iya yi mata bayani ba. A tudu ni tsoho ne mai sanda, daga kujera zuwa ƙofa sai na yi shawara da gwiwoyina. A cikin ruwa kuwa babu nauyi. Ina takawa daga wannan bango zuwa wancan kamar yadda likita ya ce, ƙuguna bai ce uffan ba. Nan ne kaɗai wurin da ya rage inda jikina ba ya yi mini gardama.

Ni na auna wurin da kaina, na kafa turaku na ja igiya, yara suna ƙanana. Marigayiya matata ba ta taɓa shiga ba. Ƙafa take tsomawa tana saƙa, tana cewa mai hankali ba ya haƙa rijiyar da ba a sha.

Yau ma kamar kullum. Na tada injin da hannuna, na shiga, na yi tafiyata, na fito. Ina goge jiki sai ga muryar maƙwabcina ta bayan katanga, wanda ya tuƙa manyan motoci har idonsa ya gaza: "Safiyo! Kashe tirelar nan taka, mutane na son jin labarai!" Na ce, "Direba, kai da ka ƙare rayuwarka kana hana gari barci da hon, yau kai ne mai son shiru?" Ya ce in je in yi kiwon kwaɗi a kududdufina. Na kashe.

Shekaru ke nan muna haka. Bai taɓa shigowa gidan nan ba sai ranar ta'aziyya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban da Direba, yau ban yi magana da kowa ba. Mai kawo burodi ma ajiyewa ya yi ya tafi.

Asabar, 8 ga Maris

Surukina ya kai ni shagon masu sayar da kayan kwami. Na dawo kaina na juyawa.

Mai shagon mutum ne mai saurin baki, Baba kaza, Baba kaza. Na ce ina son inji irin nawa, sabo. Ya yi dariya ya ce irin nawa sai gidan ajiye kayan tarihi. Ya jona wani ƙarami mai kama da tukunya ya ce in saurara. Na saurara. Na ce ai bai tashi ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kai, ashe yana aiki. Yana da agogo a jikinsa, shi ke tada kansa ya kashe kansa, har ana ganinsa a waya daga nesa. Idon surukina ya yi haske, ya ce Auta za ta so wannan.

Sai matatar ruwa: ko tankin yashi irin wanda na saba, ko wata mai naɗaɗɗiyar takarda da ake cirowa a wanke. Sai wata na'ura da ake zuba wa gishiri ta riƙa yin maganin ruwa da kanta. Sai wani abu mai tayoyi da ke rarrafe a ƙasan kwami yana shara, ni dai kunkuru na gani. Duk abin da na taɓa, sai ya ce, "Wannan ba ruwanka da shi, Baba, shi zai yi komai." To ni kuma me zan yi?

Daga ƙarshe ya dubi sandata, ya ja ni lungu ya nuna mini matakala mai faɗi da ƙarfen dafawa hagu da dama. Bai tsaya nan ba, har da wata kujera mai hannu da ke ɗaga mutum ta tsoma shi kamar guga a rijiya. Na ce ni ba buhu ba ne. Tsani nake so, irin na da, wanda ba ya tsatsa. Matakala ta marasa lafiya ce.

Ya ba ni littafin hotunan kayan ya ce in yi nazari.

Talata, 11 ga Maris

Yashi ko takarda. Na yanke shawara da safe, na warware da rana. Yashi na sani, amma juya makullinsa yana son ƙarfin hannu. Takarda kuma sai an durƙusa a ciro ta. Durƙuson ba wuya, tashin ne.

In na zaɓi abin da bai yi ba, Auta za ta ce ka gani ko, Baba. Ba za ta faɗa da faɗa ba. Da tausayi za ta faɗa, wanda ya fi ciwo.

Laraba, 12 ga Maris

Wani tunani ya zo mini ina tsakiyar ruwa, har na tsaya cik.

Sabon injin zai tashi da kansa. Ko na farka ko ban farka ba, zai tashi. Auta za ta duba wayarta ta ga yana aiki, ta ce Baba lafiya. Kunkuru yana shara, gishiri yana magani, ruwa garau kamar madubi, mai gidan kuwa yana kwance a ɗaki ko a ƙasan kwamin.

Na tuna abokin aikina na ofishin awo, wanda ya rasu shi kaɗai a gida, ba a sani ba sai da maƙwabta suka ji wari. Mutum mai tsafta, kullum rigarsa a goge.

Allah ya sa mu cika da kyau. Na fito ban ƙarasa tafiyar ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gaya wa Direba ta kan katanga cewa ya kusa hutawa, za a kawo inji marar ƙara. Na zaci zai yi shewa. Ya ce, "Marar ƙara kamar yaya?" Na ce ko kusa da shi kake ba ka ji. Ya ce, "To, madalla." Na ji ya ja kujerarsa ya shige ciki.

Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba. Me nake so ya ce?

Litinin, 17 ga Maris

Na kira mai shagon na tambaye shi ko akwai sabon inji mai ɗan ƙara, wanda ake tadawa da hannu. Ya zaci wasa nake. "Baba, mutane shiru suke nema, kai kana neman hayaniya?" Ya ce agogon ana iya kashe shi in ina so, amma ƙara kam babu inda zai samo mini. Na ji yana ba wani labarin kafin ya ajiye wayar.

Na zaɓi yashi. Na zaɓi gishiri. Kunkuru ban sani ba tukuna. Tsani dai tsani.

Laraba, 19 ga Maris

Wajen fitowa yau hannun dama ya yi mini wani iri a kan tsanin. Sai da na sake gwadawa. Ba komai ba ne, kwanciya na yi a kansa.

Juma'a, 21 ga Maris

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Bari in rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

Na shiga, na yi tafiyata, na zo fita. Na kama tsanin, na ɗora ƙafa, na ja jikina, jikin ya ƙi zuwa. Na sake. Hannun dama ya saki, na koma cikin ruwa har na kurɓa. Ina so in ce tsanin ne. Tsanin bai karye ba, na duba shi yau. Ni ne.

Na koma gefen da ba zurfi, ruwa iya ƙirji, na dafa bakin kwamin in ɗaga kaina kamar yadda nake yi a da ba tare da tunani ba. Ko motsi. Ga sandata can jingine da kujera, ga tawul, ga ƙofar ɗakin girki a buɗe, duk ina ganinsu.

Sai ga Direba: "Safiyo! Tirela!" Ni kuwa, Allah ya shirye ni, sai na ce, "Yanzu!" Da murya mai ƙarfi ma, kamar mai goge jiki. Na ce bari in huta kaɗan ƙarfi ya dawo, ba sai duniya ta ji ba.

Ƙarfi bai dawo ba, sanyi ne ya zo. Rana tana dukan kaina amma haƙorana suna haɗuwa. Yatsuna suka yamutse. Ya sake kira da zagi, wannan karon na amsa da gaske, na ce ka zo, amma muryar ta shige ƙarƙashin rurin injin. Injin da nake ta neman irinsa. Na fara lissafin cewa in ƙafafuna suka saki, ruwa iya ƙirji ma ya isa. Na yi ta salati. Na tuna motar yashi, kuma, abin kunya, ita ta fi ba ni tsoro.

Can na ji kira na uku, ba zagi a ciki. "Malam?" Bai taɓa ce mini Malam ba. Sai ga kansa a saman katanga, ya hau kan duro, da tsufansa da tumbinsa.

Ya ce, "Me kake yi?" Na ce, "Ninkaya." Ya ce, "Leɓenka ya yi toka kana ce mini ninkaya."

Kan ya ɓace. Na ji ana dukan ƙofar waje, ashe kwaɗon ya fasa da ƙarfen kwance taya. Ya shigo yana haki da igiyar janwe a kafaɗa. Ya zura mini ita ƙarƙashin hammata, ya naɗa ɗaya gefen a ginshiƙin rumfa, ya ce in taka tsanin shi zai ja. "Na ciro mota daga laka da kayanta, balle kai da ba ka kai safayar taya nauyi ba." Haka na fito, kamar kifi.

Shi ya kashe injin. Ya lulluɓe ni, ya shiga ɗakin girkina yana mita wai ba a san inda komai yake ba, ya kawo shayi mai zaƙi kamar na yara. Muka zauna. Can ya ce, yana kallon ruwan ba ni ba, "Tun da maiɗakinka ta rasu nake sauraron injin nan. In ya tashi in ce tsohon ya kwana lafiya. In ya mutu in ce ya fito. Kai ka zaci labarai nake ji? Rediyon nan ya daɗe da lalacewa."

Na ce sukarin ya yi yawa.

Asabar, 22 ga Maris

Jikina duk ciwo, igiyar ta bar mini shaida a hammata. Na aika an sayo sabon kwaɗo.

In Auta ta ji, shi ke nan. Na leƙa ta katanga na roƙe shi. Ya ce, "Ni ba ɗan rahoto ba ne. Amma wallahi in ka sake sayen tsani, ni da kaina zan tuƙo motar yashin, ko da idon nan nawa." Na miƙa masa makulli ɗaya na sabon kwaɗon. Ya karɓa ya jefa a aljihu.

Talata, 25 ga Maris

Ban shiga ruwa ba tun ranar. Gwiwoyina sun ƙage, da kyar na kai banɗaki. Ina tada injin da safe in kashe shi, don kawai a ji.

Na zauna da littafin hotunan a shafin matakala. Ba ta da muni kamar yadda na gani a shago. Ƙarfen dafawan yana farawa tun daga tudu, mutum zai sauka yana tsaye kamar mai mutunci.

Laraba, 26 ga Maris

Na kira mai shagon. Matakala. Ya fara cewa, "Ai dama na gaya..." na ce kujerar guga dai ya riƙe abarsa. Kunkuru kuma ba na so, ina da hannun riƙe ragar kwashe ganye.

Asabar Auta za ta zo ta ga zaɓin.

Lahadi, 30 ga Maris

Na ɓata komai da bakina.

Ta zo jiya ita kaɗai. Ta bi zaɓin ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, har ta zo kan matakala. "Baba, ba kai ka ce ta marasa lafiya ce ba?" Na ce maƙwabcina ne ke sha'awar shiga, kin san shi da tumbi, tsani ba zai ɗauke shi ba. Ta dube ni ta ƙasan ido. Ta ce ta ga an sauya kwaɗon ƙofa. Na ce tsohon ya yi tsatsa.

Da na tsaya nan da an wuce. Sai ta ce tunda muna shiri da shi haka, ya kamata a ba shi makulli saboda halin rayuwa. Ni kuma da sauri, don in nuna na riga ta tunani, na ce, "Ai na ba shi, don kar ya sake fasa mini kwaɗo."

Ta ce, "Ya sake?"

Ta tashi ta zo ta kama ni ta hammata wai za ta gyara mini zama, na yi ƙara ban shirya ba. Ta ɗaga hannun rigar ta gani. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita, na ji ta tana sallama a gidan Direba. Ta daɗe. Na manna kunne a katanga kamar ɓarawo, ban ji komai ba sai muryarsa tana hawa tana sauka.

Da ta dawo idonta ja. Ta wanke kofunan da ke wanke, ta ce, "Sai mun yi magana, Baba." Ta tafi da littafin hotunan.

Litinin, 31 ga Maris

Wata ya ƙare. Ba ta kira ba. Na tambayi Direba me ya gaya mata, ya ce tambayarsa aka yi, shi kuma ba ya ƙarya ga 'yar mutane. Na ce ai ka ce kai ba ɗan rahoto ba ne. Ya ce, "Kai ka kai rahoton kanka, Safiyo."

Na zagaya ɗakuna ina duba abin da zai shiga ɗaki mai taga ɗaya. Kujerar marigayiya ba za ta shiga ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Da hantsi na ji babbar mota ta tsaya a ƙofa, tana huci irin na mai kaya. Na ce to, yashi ya iso. Ban iya tashi na buɗe ba, Direba ne ya buɗe musu da makullinsa.

Ƙarfen dafawa ne ya fara shigowa, yana ƙyalli, mutum biyu na ɗauke da shi.

Ta kira bayan nan. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na ciniki ba: ba na shiga ruwa sai da mutum zaune a wurin. Ranar da ta ji na saɓa, ba za ta yi shawara da ni ba. Na ce ni ba jariri ba ne da za a yi mini raino. Ta ce, "Na sani, Baba. Jariri ai da ya yi kuka." Ta ajiye wayar.

Talata, 8 ga Afrilu

Masu aikin sun gama. Sun tafi da tsohon injin a bayan mota, ban fita na gani ba. Ruwan ya yi garau har ina ganin layin da na auna ba daidai ba a ƙasan kwamin tun farko.

Sabon yana aiki, in ji su. Sai na je na ɗora hannu nake yarda. Gidan ya yi tsit ƙwarai. Ashe agogon falo yana da ƙara haka.

Na ce su kashe masa agogonsa, ni zan riƙa tadawa. Wa zai ji? Ban sani ba. Na dai ce su kashe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Matakalar ba laifi. Ba zan ce ta fi tsani ba, amma ba laifi.

Direba yana zuwa da safe yanzu, wai shirun ne ke hana shi sakewa a gidansa, gara ya zo ya ga abin da ke faruwa. Yana naɗe wando ya tsoma ƙafa a matakalar farko, daidai inda marigayiya ke zama, yana ba ni labarin hanyoyin da rabinsu ƙarya ne. Ya ce ruwan gishirin ya rage masa kaushi. Har yanzu kududdufi yake ce masa. Na sa an fito masa da kujerar marigayiya rumfa, don tawa ba ta ɗaukar nauyinsa, ba don komai ba.

Ba wai ina bin sharaɗin Auta ba ne. Mutum ne ya saba zuwa, rashin ladabi ne ya zo ya tarar na gama.

Yau ya makara. Na tada injin, na zauna da tawul a kafaɗa ina kallon ƙarfen dafawa. Rana ta ɗaga, ba motsi a bayan katanga, ba tari, ba jan kujera. Na ce barci ne. Na ce ko baƙi ya yi. Sai na ga na miƙe ba sanda, na kai jikin katangar ban san lokacin ba.

"Direba! Kana raye?"

Shiru. Can na ji shi daga ciki, wai mutum ba zai shiga banɗaki a gidansa ba sai an yi masa shela?

Na ce ya ba ni makullin ƙofarsa in ya zo. Saboda halin rayuwa.